Wai Matarka Ba Ta Aikin Kome?

'Yan'uwa manoma, sau da yawa idan ana rubuta sunaye a ƙungiyar gama kai, akan tambayi mutum, "Mece ce sana'ar matarka?" Sai ya ce, "Ba ta aikin kome, tana gida." Bari mu duba ko wannan magana gaskiya ce.

Ku ɗauki misalin Shinaka da sauran garuruwan Goronyo, Wurno da Rabah. Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙaru. Maigida yakan kawo shanshera daga fadama. Amma wa ke cin shanshera? Uwargida ce za ta jiƙa ta, ta turara, ta shanya, a surfe, ta sheƙe, kafin ta zama shinkafar da za a dafa ko a kai kasuwa da daraja. Haka gyaɗa: a hannunta take zama mai da ƙuliƙuli. Kalwa kuwa ta zama daddawa. Awakin da take kiwo a tsakar gida su ne asusun iyali. Ran da ciwo ya zo, ko ambaliya ta cinye gona kamar yadda aka gani a ƙasar Goronyo a 2010, akuyarta akan fara sayarwa.

Aiki na biyu ya fi wannan girma, wato renon yara. Ma'aikatan lafiya suna koyar da cewa jariri ya sha nonon uwa kaɗai har wata 6, sa'an nan a haɗa masa da kunu mai gyaɗa ko wake, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Uwa ce ke fara lura idan zawo ya kama yaro, ita ce ke ba shi ruwan gishiri da sukari da dare. Gaisuwa, ladabi da faɗin gaskiya, a cinyarta ake koyonsu.

Mutanen dā na wannan ƙasa sun san haka. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da mata da ake kira jaji, suna bin ƙauyuka suna koyar da matan aure. Ta gane cewa idan uwa ta sani, gida duka ya sani.

To, me ƙungiyarmu za ta yi?

1. A rubuta mace da sunanta, ta sami rance na sana'arta.
2. Bayan girbi, maigida ya ware mata rabonta, ya kuma shawarce ta kafin ya sayar da hatsi. Ita ta san mudu nawa gida ke ci.
3. A sauƙaƙa mata wahala: rijiya kusa, injin niƙa, murhu mai cin itace kaɗan.
4. A buɗe ajin yaƙi da jahilci a lokacin da ya dace da ita.
5. Kada talla ya hana 'yarta zuwa makaranta.

Wannan ba zargi ba ne ga matan da ke koyarwa ko aikin asibiti; su ma muna bukatarsu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan an sake tambayarka, ɗan'uwa, ka faɗi aikinta ɗaya bayan ɗaya. Yau kuma in ka koma gida, ka ce mata, "Sannu da aiki."