Gubar da ke shiga ta fata: Abin da ba a aunawa a gonakin shinkafar Kebbi

Tun daga watan Nuwamban 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya bunƙasa a fadamar Gulbin Rima. Kamfanonin casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 sun ƙara wa manoma kasuwa.

Yawan gonaki kuwa ya zo da yawan feshi. Matasa da dama na cin abinci ta hanyar goya tankin feshi suna bin gona-gona, galibi da silifa da wando a nannaɗe.

Idan ana maganar kariya, takunkumi ne ke fara zuwa ran mutane. Sai dai ga mai feshi a fili, ta fata ne maganin ya fi shiga jiki.

Yadda gubar ke shiga

Haɗari ya fi yawa lokacin haɗa magani, domin a nan ne hannu ke taɓa shi kafin a surka da ruwa. Tankin da ke yoyo kuma yana jiƙa riga, rigar ta manne a baya har a tashi aiki.

Sassan jiki ba su tsotsar magani daidai-wa-daida. Goshi da fatar kai da matsematsi sun fi damtse saurin tsotsa, kuma ƙaramin ciwo ko tsagewar ƙafa ƙofa ce a buɗe. Zafi da gumi na ƙara saurin shigarsa, ga shi a Maris da Afrilu, tsakiyar noman rani, zafi kan haura digiri 40 a Kebbi.

Maganin ciyawa na paraquat, wanda aka fi sani da Gramoxone, yana ƙona fata yana lalata farce. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007. Magungunan ƙwari dangin fiya-fiya kuwa na taɓa jijiyoyi, su jawo jiri da ciwon kai da amai, alamomin da sau da yawa akan ɗauka zazzaɓi ne.

Yadda ake aunawa

Masana na da hanyoyi. Akwai liƙa ƙyallaye a sassan jikin mai feshi, a kai su ɗakin gwaji bayan aiki. Akwai wanke hannunsa a auna ruwan. Akwai kuma zuba wani rini a tanki, wanda ke ƙyalli ƙarƙashin fitila ta musamman a cikin duhu, mutum ya ga da idonsa inda magani ya taɓa shi. Gwajin jini da na fitsari ne ke nuna abin da ya riga ya shige.

Matsalar ita ce, akasarin ƙa'idojin wuraren aiki a duniya iskar da ake shaƙa suke kayyadewa, kuma umarnin jikin kwalba na ɗauka cewa mai feshi na sanye da safar hannu da takalmin roba.

Me ya kamata a bincika?

Tambayoyin na Kebbi ne. Nawa ne ke sauka a jikin wanda ya yini yana feshi cikin ruwan fadama? Wace tufa ce za ta kare shi ba tare da zafi ya sa ya cire ta ba? Me ke samun matar da ke wanke kayan feshin da hannunta?

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero na kusa da gonakin nan, kuma asibitoci za su taimaka idan suna rubuta sana'ar duk wanda ya zo da ƙunar fata ko jiri.

Kafin nan, mai feshi ya gyara tankin da ke yoyo, ya yi wanka da sabulu da zarar ya gama, a kuma wanke kayan aikinsa daban da na iyali.