Daga Masai Zuwa Baki: Hanyar Da Ƙwayoyin Cutar Ciki Ke Bi

A shekarar 2021, hukumar NCDC mai sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake kyautata zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su ne suka ɗauki fiye da rabin masu cutar. Abin da ya yi wannan ɓarna kuwa wata halitta ce da sai an jera kusan 500 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Likitoci na kiranta Vibrio cholerae, ɗaya daga cikin ƙwayoyin bakteriya da ke addabar ciki da hanjin ɗan Adam.

Ba kowace bakteriya ce abokiyar gaba ba. Hanjin mai lafiya cike yake da biliyoyinsu, suna taya shi narkar da abinci. Haka kuma ba kowace gudawa ce daga bakteriya ba, domin yawancin wadda ke kama jarirai aikin bairos ne, musamman rota, wanda ake yi wa riga-kafi. Amma masu cutarwar cikin bakteriya, ko da sunayensu da alamominsu sun sha bamban, kusan duk hanya ɗaya suke bi: su fita ta bayan gidan wani mutum ko wata dabba, su shiga bakin wani ta ruwa, ko abinci, ko hannun da ba a wanke ba, ko ƙafafun ƙuda.

Famfon da ya tona asiri

An daɗe ba a gane wannan hanya ba. Har tsakiyar ƙarni na 19, manyan likitocin Turai sun yi imanin cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo kwalara. A 1854 annobar ta faɗa wa unguwar Soho a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗebo ruwa, ya zana taswira, sai ya ga gidajen makokin sun kewaye famfo ɗaya da ke titin Broad. Ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Da aka haƙa wurin daga baya, aka tarar wani tsohon ramin masai na tsiyaya kusa da rijiyar famfon, tazarar ba ta kai mita ɗaya ba, kuma a ramin nan aka zubar da ruwan wankin tsummokaran wata jaririya mai gudawa.

Wanda ya san yadda ake haƙa rijiya da masai a tsakar gida ɗaya a tsofaffin unguwanninmu ba zai ji labarin nan baƙo ba. Masana tsaftar muhalli na ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin su biyun. Da damina kuma, ambaliya kan kwaso abin da ke masai da kwata da bayan gari ta zuba a rijiyoyi da kududdufai, shi ya sa kwalara ta fi tsananta a lokacin.

Guguwar kwalarar da duniya ke ciki yanzu ta taso daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. Ƙasar Haiti ba ta san cutar ba sai a 2010, lokacin da najasar wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka zo daga Nepal, ta malala cikin wani rafi mai zuba a kogin Artibonite. Mutum fiye da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu. A 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren majalisar na lokacin, ya nemi afuwar mutanen Haiti.

Rashin ruwa ne ke kisa

Ƙwayar kwalara ba ta shiga jini, ba ta huda hanji. Manne wa bangon ƙaramin hanji take yi ta saki dafi, dafin ya tilasta wa hanjin fitar da gishiri, ruwan jiki ya bi gishirin. Mai tsananin cutar na iya zubar da lita guda ta ruwa cikin awa ɗaya, zawon fari fat kamar ruwan wankin shinkafa. Idanu su faɗa, murya ta dishe, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, fitsari ya ɗauke. Ƙaton da ya fita kasuwa da safe lafiya lau zai iya cikawa kafin wayewar gari. Idan ba a yi komai ba, har rabin masu tsananin cutar kan mutu. Idan aka mayar musu da ruwan da suka rasa a kan lokaci, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin 100.

Yadda aka tabbatar da haka ya faru ne a cikin yaƙi. A 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangladesh, miliyoyin mutane sun tsallaka Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu. A sansanin Bangaon ledojin ƙarin ruwa suka ƙare, ma'aikatan da za su sa allurar ma ba su isa ba. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari da garin soda a manyan durom-durom, aka ba dangin majinyata kofuna su yi ta shayar da su. Mace-macen da ke kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100.

Sirrin abin shi ne, a bangon hanji akwai wata ƙofa da ke shigar da gishiri idan ya zo tare da sukari, kuma dafin kwalara ba ya rufe ta. Gishirin na shiga, ruwa na bin sa. Wannan shi ne ORS da ake sayarwa a ƙananan fakiti a kemis. Inda babu shi, ana haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri. Awon yana da muhimmanci: sukari ya yi yawa gudawar ta ƙaru, gishiri ya yi yawa ya cutar da yaro. Ana kuma ba yara ƙwayar zinc kullum na kwana 10 zuwa 14, domin tana rage tsawon gudawar.

Duk da arhar wannan magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 440,000 a kowace shekara. Wani ɓangare na dalilin yana cikin gida. Uwa ta ga jariri na zawo, a ce mata ai haƙori ne, a bar shi. Fitowar haƙori ba ta jawo gudawa mai tsanani. Lokacin ne dai yaro ke rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki. Faɗawar maɗiga ma alamar ƙarewar ruwan jiki ce, ba shafe-shafe take bukata ba. Wasu kuma kan rage wa yaro nono ko ruwa don zawon ya tsaya, alhali ƙara masa ya kamata a yi.

Taifod ta gaske da ta takarda

Salmonella Typhi, mai jawo taifod, dabararta daban. Tana ratsa bangon hanji ta shiga jini, ta yi mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana. Zazzaɓi ya riƙa hawa kullum, ga ciwon kai da na ciki da kasala, wani da gudawa wani da taurin bayan gida. Idan aka yi sakaci, wajen mako na uku tana iya huda hanji, abin da sai tiyata cikin gaggawa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne mutum miliyan 9 ke kamuwa a shekara, kimanin 110,000 su mutu.

Wasu kan warke amma ƙwayar ta maƙale a matsarmamarsu, su yi ta fitar da ita ba su sani ba. Mary Mallon, wata kuku 'yar asalin Ayalan da ke dafa wa masu kuɗin New York abinci, ita ce misalin da ya fi shahara. Kusan duk gidan da ta yi aiki sai taifod ta biyo baya, ita kuwa garau. An gano ta a 1907, an danganta mutum sama da 50 da suka kamu da ita, uku suka mutu. Ta shafe kusan shekara 26 a killace a wani tsibiri, a can ta rasu a 1938.

A garuruwanmu kuwa, da wuya mai zazzaɓi ya fito daga ɗakin gwaji ba a ce masa maleriya da taifod ba. Gwajin da aka fi yi, wato Widal, an ƙirƙiro shi tun 1896, kuma ba ƙwayar yake gani ba, sai dai alamar cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita ko da danginta. Wanda ya taso inda cutar ta yi yawa, ko yake fama da maleriya, gwajin na iya nuna yana da taifod alhali ba shi da ita. Abin dogaro shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Illar wannan ruɗani ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Duk sa'ad da aka sha maganin kashe bakteriya ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin da suka tsira na koyon jure masa. A 2016 aka ga wata irin taifod a birnin Hyderabad na Pakistan wadda ta gagari kusan duk magungunan da aka saba ba masu cutar. Dole ta sa Pakistan ta zama ƙasa ta farko da ta shigar da sabuwar allurar riga-kafin taifod cikin jerin na yara a 2019, Laberiya da Zimbabuwe suka bi sahu a 2021.

Atuni da abincin biki

Shigella, wadda Bajapane Kiyoshi Shiga ya gano a 1897, tana cikin masu jawo atuni, zawo mai jini da majina da murɗar ciki. Kwalara sai an haɗiyi ɗimbin ƙwayoyi kafin ta kama mutum, amma Shigella guda 10 zuwa 100 sun isa. Saboda haka gaisawa da hannu ko cin tuwo a kwano ɗaya ya wadatar, kuma ta fi samun gindin zama inda cunkoso ya haɗu da ƙarancin ruwa, kamar makarantun kwana da gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira.

E. coli kuwa yawancin iri-irinta zaman lafiya suke yi a hanji, amma wasu na da dafin da ke lalata ƙoda. A 2011 ɗaya daga cikinsu ta kwantar da kusan mutum 4,000, akasari a Jamus, sama da 50 suka mutu. Da farko aka ɗora laifin kan kokwambar Sifen, manoma suka tafka asara, daga baya bincike ya kai ga tsiron hulba da aka shigo da irinsa daga Masar ake ci ɗanye. Campylobacter da sauran dangin Salmonella su kuma sun fi zuwa ta naman kaza da bai dahu ba, da ɗanyen ƙwai, da madarar da ba a tafasa ba, ko ta wuƙar da aka yanka ɗanyen nama aka juya aka yanka latas da ita.

Akwai kuma masu barin dafinsu a cikin abinci tun kafin a ci. Shinkafar da aka dafa da asuba ta wuni a kula ba zafi ba sanyi wuri ne da Bacillus cereus ke hayayyafa, dafinta kuma ɗumame ba ya kashe shi. Shi ya sa wani lokaci mahalarta biki kan fara amai tare, awa ɗaya zuwa shida bayan cin abinci.

Gyambon ciki ma yana cikin lissafi. An daɗe ana ɗora alhakinsa kan yunwa da yaji da damuwa, har sai da likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa Helicobacter pylori ce ke haddasa yawancinsa. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ƙwayar a 1984, cikinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki. Sun samu kyautar Nobel a 2005. Yau ana gwada ƙwayar ta bayan gida ko numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14.

Abin da ke hannun kowa

Yawancin gudawa na tsayawa da kanta cikin 'yan kwanaki in dai ana mayar da ruwa. Filajil da tetracycline da ake saya a kemis da zarar ciki ya juya ba su da amfani a mafi yawan lokuta, kuma ga mai E. coli mai dafi, wasu magungunan na iya ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. Maganin tsayar da zawo bai dace da yara ba, haka ma duk mai ganin jini a bayan gida.

Datse hanyar ya fi sauƙi: tafasa ruwan sha ko zuba masa sinadarin kulorin, rufe randa da ware mata moɗa ɗaya, wanke hannu da sabulu bayan an kewaya da bayan wanke wa yaro kashi da kafin taɓa abinci, zuba kashin yara a masai, da shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. Aikin hukuma kuma shi ne samar da ruwan famfo da makewayi. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, abin da ya nuna aikin mai yiwuwa ne.

Idan aka ga jini a bayan gida, ko zawo kamar ruwa da ba ya tsagaitawa, ko amai da ke hana komai zama a ciki, ko yaro ya kasa kama nono, idanunsa suka faɗa, jikinsa ya saki, ko zazzaɓi ya wuce kwana 3, to a garzaya asibiti mafi kusa, kuma a ci gaba da ba majinyacin ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan a kan hanya.