Idon Da Ke Tsaron Jikin Jirgin Sama

Ku murza tafin hannuwanku da ƙarfi, za ku ji sun ɗau zafi. Jirgin sama mai tsananin gudu yakan gamu da abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Iskar da ke gabansa ba ta samun damar kaucewa, sai ta matse, ta yi zafi, har ta shiga cin jikinsa kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa.

Ran 3 ga watan Oktoba, 1967, wani matuƙi a Amurka, William Knight, ya tuƙa jirgin gwaji mai suna X-15, ya yi gudun mil 4,520 a sa'a guda, watau fiye da mil guda kowane sakan. Kafin ya tashi an shafe jirgin da wani irin shafe mai kauri wanda aka yi shi musamman don ya riƙa ƙonewa yana zaizayewa, ya tafi da zafin, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya tsira. Duk da haka zafi ya huda ƙarfe a ƙasan jirgin. Sai da ya sauka aka ga iyakar ɓarnar, jirgin nan kuwa bai sake tashi ba.

To, ina dabarar sanin yawan abin da ya zaizaye tun jirgi yana sama? Ba mai iya leƙawa waje ya auna da ma'auni. Masana suka ce, bari haske ya zama ɗan aike.

Akan sami zaren gilashi siriri, kusan kaurin gashin kai, wanda haske ke bi ta cikinsa kamar yadda ruwa ke bin famfo. Sai a binne zaruruwa da dama a cikin shafen, bakin wani kusa da waje, na wani can ciki, kowanne an san zurfinsa. Ɗaya bakin kuwa a haɗa shi da idon lantarki a cikin jirgin. Muddin shafe na rufe da zare, idon ba ya ganin komai sai duhu. Da zarar zaizaya ta iso bakinsa, sai hasken wutar da ke waje ya kutsa, idon ya gani, na'ura ta rubuta lokacin, rediyo ya kai labari ƙasa.

Saura lissafi, irin wanda kuke yi a aji. A ce tsakanin zare na fari da na biyu milimita 2 ne, na biyun kuma ya ga haske bayan sakan 10. Ashe kowane sakan 5 milimita guda ke tafiya. In shafen da ya rage milimita 12 ne, sakan nawa ke nan kafin wuta ta kai ga ƙarfe?