Hannun Dama: Sana'ar Mai Riƙe Amo a Kiɗan Metal

A ƙungiyar kiɗan metal, idon 'yan kallo kan tsaya ne a kan mawaƙi. Amma nauyin kiɗan yana wuyan mai jitar da ke riƙe amo tare da mai ganga, tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Kusan duk sana'arsa a hannun dama take.

Kayan aikin ba su da yawa: jitar lantarki, amfilifaya mai kaurara sauti, tsirkiyoyin ƙarfe, da 'yar roba mai kusurwa uku da ake kira pik. Jitar ɗan koyo takan ci 'yan ɗaruruwan daloli, pik kuwa da wuya ta wuce dala ɗaya. Ita wannan mai arahar ce ake yi wa zaɓen tsanaki. Siririya lanƙwashewa take yi ta makara, shi ya sa ake son mai kaurin kusan milimita 1, a riƙe ta yadda bakinta kaɗai zai leƙo tsakanin yatsu.

Daga nan sai horo. Makaɗi zai ɗora gefen tafin hannunsa a kan tsirkiyoyi, daidai inda suke zaune a kan jaki, don ya danne ƙarar ta fito a dunƙule kamar sakin taɓarya a turmi. Ya matsa gaba kaɗan, sautin ya mutu. Ya ja baya, ya watse. Bugun iri biyu ne: ƙasa zalla, ko ƙasa da sama bi da bi. Na farkon ya fi nauyi a kunne, ya kuma fi cin jiki. A waƙar Master of Puppets ta 1986, wadda Metallica suka ɗauka a Kwafanhegan, mai riƙe amonsu James Hetfield yana sauke pik ƙasa wajen sau bakwai a kowace daƙiƙa.

Ba wanda ya fara da wannan gudu. Ana kunna na'urar ƙidayar bugu a hankali, a maimaita gaɓa ɗaya har ta fita tas, sannan a ƙara sauri ɗan kaɗan. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa. Da zarar kafaɗa ta sandare, to a dakata a koma baya. Ni a ganina nan ne mutuncin sana'ar yake, domin amfilifaya ba ta rufa wa kowa asiri. Tsirkiyar da aka goga bisa kuskure sai ta yi ƙara fiye da yadda aka taɓa ta. A situdiyo kuma akan sa mutum ya kaɗa abu ɗaya sau biyu, a aza ɗaya a lasifikar hagu ɗaya a ta dama, kuma dole su hau kan juna daidai.

Tun asalinta sana'ar ta san wahala. Tony Iommi na Black Sabbath yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe a Bamingam ta Ingila. Ya ƙera wa kansa yatsun roba, daga baya ya sassauta tsirkiyoyi, sautin ya ƙara zurfi.

Samu fa? Sauraro ɗaya a Spotify bai kai santi ɗaya ba. Abincin galibin makaɗan yana fitowa ne daga yawon wasa, sayar da riguna, koyar da yara, da kaɗa wa wasu a situdiyo. Da yawa suna da wani aikin da rana. Ga ciwon jijiyar hannu, ga kunne mai ƙugi. A 1992 wutar ado ta ƙona Hetfield a dandali a Montiriyal, hannu ya ƙi kiɗa. John Marshall, wanda a da yake gyara wa Metallica jita, shi ya karɓi aikin riƙe amo, Hetfield ya tsaya ga waƙa har ya warke.