Tafiya Ƙasashen Waje da Zancen Aure a Ƙauyukanmu

Tun zamanin kakanni mun san ci-rani. Idan an gama girbi, samari sukan tafi birni neman kuɗi, su dawo kafin ruwan shuka. Fatake ma sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro. Amma yanzu tafiyar ta yi nisa, ana zuwa Saudiyya, Libiya, Aljeriya, har Turai, kuma da shekaru ake ƙirga ta.

A da, darajar mutum a ƙauye tana ga gandunsa, rumbunsa da halinsa. Yau idan wanda ya yi tafiya ya aiko da kuɗi aka rufa ɗaki da kwano, aka sayi babur ko injin niƙa, nan da nan sunan gidansu ya tashi. A wurin taro akan saurari maganarsa kafin ta yayyensa.

Wannan ya shafi aure ƙwarai. Idan ya ba da sadaki mai yawa, ya cika akwatunan lefe, sai abin ya zama ma'auni ga kowa. Saurayin da ya zauna yana noma ba zai iya ja da shi ba, sai aurensa ya yi jinkiri, ko shi ma ya sayar da gona ya kama hanya. Wasu iyaye kuma sukan matsa wa 'yarsu ta bar makaranta, don kada "mai kuɗi" ya kuɓuce musu.

Bayan biki fa? Ango ya koma, amarya ta zauna a hannun surukai. Gona, yara da jinya duk suna kanta. Idan aike ya yanke, ba ta san matsayinta ba: ita ba gwauruwa ba, ita ba mai miji a gida ba.

Sau da yawa kallon kitse muke yi wa rogo. A 1969 gwamnatin Ghana ta kori baƙi marasa takardu, da yawa suka bar dukiyarsu a can. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban ma'aikata gida hannu wofi. A watan Oktoba 2013 an sami gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya.

Ba mu ce tafiya zunubi ba ce. Yakubu ma a baƙuwar ƙasa ya yi wa Laban aiki shekara 14 saboda aure, duk da haka ya koma ƙasar ubansa tare da iyalinsa. Saboda haka muna roƙon iyaye da dattawan ikkilisiya su rage nauyin kayan aure, su binciki halin mai nema kafin aljihunsa. Zumuntar Mata kuma ta riƙa ziyartar matan da aka bari. Mu ɗalibai, bari mu gama karatu mu koyi sana'a tukuna. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.