Furen da Wuta Ke Fitarwa a Jikin Tukunya: Abubuwan Mamaki 15

Duk wanda ya ratsa layin masu tukwane ranar kasuwa a Bukkuyum, Gummi ko Anka ya san abin da zai tarar: randa, tulu, kasko, tandar masa da asusu, wasu jajaye, wasu baƙaƙe, babu mai sheƙi a cikinsu. To, sana'ar nan tana da wani reshe a duniya, inda ake shafa wa tukunya ruwan gilashi, a gasa ta, sai ta fito da furanni masu ƙyalli waɗanda babu hannun da ya zana su. A Turai da Amurka da Japan, likitoci da malamai da 'yan fansho suna yin wannan a matsayin abin sha'awa a ɗakunan bayan gidajensu. Ga wasu abubuwan mamaki game da su, da kuma tukwanenmu na gida.

1. Furen tsirowa yake yi

Abin da ido ke gani a matsayin fure ƙananan allurai ne na lu'ulu'u, dubbai, da suka taso daga ɗigo guda suka bazu ta kowane ɓangare. Suna tsirowa ne a cikin narkakken gilashi yayin da tukunyar ke cikin tanderu. Magini ba shi da ikon cewa ga inda fure zai fito, ko guda nawa za su fito. Shi ya sa ba a taɓa samun tukwane biyu iri ɗaya, ko da hannu ɗaya ya gina su, wuta ɗaya ta gasa su.

2. Sirrin yana cikin tutiya

Haɗin ba shi da yawa: garin gilashi, garin farin dutse mai yashi, da kuma farin garin tutiya, wato zinki, wanda yakan kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin. Wannan ƙarfe ne ake lulluɓe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa, kuma sinadarinsa ne ke cikin ƙwayar da ake ba yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da sukari.

3. Gwaninta tana wajen sauke wuta

Ana hura tanderu har zafi ya kai wajen digiri 1,280 a ma'aunin Selsiyos, komai ya narke. Daga nan sai a sauke shi da hanzari zuwa wajen digiri 1,100, a tsayar da shi nan na tsawon sa'o'i uku, huɗu ko fiye. A wannan tsayuwar ce furen ke girma, kamar yadda zuma ke yin tsaki-tsaki idan ta daɗe a ajiye. Idan an ɗan ɗaga zafin aka sake sauke shi, furen yakan yi zobba, wani cikin wani. Idan tsayuwar ta gaza, a sami 'yan ɗigo-ɗigo kawai. Idan ta zarce, furanni su haɗe su cinye jikin tukunyar, kyan ya ɓaci. Saboda haka masu wannan aiki suka fi son tanderun lantarki mai 'yar kwamfuta da ke riƙe zafi daidai.

4. Kowace tukunya da faifanta

Wannan ruwan gilashi tsinkakke ne ƙwarai, dole sai da haka allurai ke samun hanyar miƙewa. Illar ita ce yana gangarowa. Don haka ana ɗora kowace tukunya a kan wani zobe na yumɓu, a sa ɗan kasko a ƙasa ya tari abin da ya zubo. Bayan gashi sai a raba su da ɗan bugu ko da harshen wuta, a goge gindin da dutsen washi. A wannan mataki na ƙarshe ne tukwane da dama ke fashewa, bayan duk wahalar ta wuce.

5. Launin da ke yaudarar magini

Ɗan ƙanƙanin garin kobal, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, ya isa ya mai da furanni shuɗaye. Jan ƙarfe yana ba da kore. Mafi ban mamaki shi ne nikel: shi kaɗai ya isa ya ba da launi biyu, furanni su fito shuɗaye, filin da ke kewaye da su ya zama ruwan zuma. Fiye da rabin kobal ɗin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma yawancinsa batirin waya da na mota yake tafiya.

6. Dutsen da ke haske cikin duhu

Lu'ulu'un da ke tsirowa a tanderu akwai irinsa a cikin ƙasa. Sunansa wilemait, an raɗa masa shi a 1830 don girmama Sarki Willem na Ɗaya na Holan. Wanda ake samu a garin Franklin na jihar New Jersey a Amurka yana fitar da koren haske mai ƙarfi idan aka haska shi da irin fitilar da ake duba kuɗin jabu. Da irin wannan sinadari aka yi koren allon tsofaffin na'urorin awo na lantarki. A Afirka ana samunsa a Tsumeb ta Namibiya da Kabwe ta Zambiya.

7. Aibi ne ya zama ado

Lokacin da irin waɗannan tabo suka fara bayyana a masana'antun tangaran na Turai a ƙarni na 19, kallon aibi aka yi musu. Masu binciken sinadarai a Sèvres ta Faransa da kuma Royal Copenhagen ta Denmak ne suka ga cewa abin yana da kyau, suka shiga neman yadda za a maimaita shi da gangan. Zuwa baje kolin duniya na Paris a 1900, tabon ya zama abin yayi.

8. Kwanuka uku kacal

Sinawa sun riga kowa ganin wannan ikon na wuta. A zamanin daular Song, tanderun Jian da ke lardin Fujian sun fitar da baƙaƙen kwanukan shayi masu ɗigo-ɗigon ƙarfe mai ƙyalli. Akwai wani nau'insu mai walƙiya shuɗiya wanda guda uku kawai suka rage lafiyayyu a duk duniya, dukansu a Japan, inda aka sa su cikin dukiyar ƙasa. A 2016 an sayar da wani ɗan'uwansu mai ɗigon mai a birnin New York a kan dala miliyan 11.7. Kwano ne da tafin hannu biyu ke rufewa.

9. An nemi zinariya, an sami tangaran

Mutanen yankin da ake haƙar zinariya za su ji daɗin wannan. Sarki Augustus na Saksoni a Jamus ya tsare wani saurayi mai suna Johann Böttger saboda ya yi iƙirarin zai iya mai da ƙarfe zinariya. Zinariya ba ta samu ba. Amma garin gwaje-gwajen ƙasa da wuta, shi da masanin da ke kula da shi suka gano yadda ake yin farin tangaran irin na Sin, abin da ya gagari Turawa shekaru aru-aru. A 1710 aka buɗe masana'antar Meissen, kuma har gobe tana aiki.

10. Sa'o'i dubu a kan buzuzu

Adelaide Robineau, Ba'amurkiya daga Syracuse, tana cikin waɗanda suka yi fice a gilashi mai fure. A 1910 ta shafe fiye da sa'o'i 1,000 tana sassaƙa siffofin buzuzu a jikin tulu guda. Da aka buɗe tanderu, sai ga tsaga a jikinsa. Ta cike tsagar da garin tangaran, ta mai da shi wuta, ya fito sumul. A 1911 ya ci babbar kyauta a baje kolin Turin na Italiya.

11. Iyakar da yumɓu ba ya komowa

Busasshiyar tukunya, komai taurinta, idan ta sha ruwa laka za ta koma. Sai zafi ya haura wajen digiri 500 zuwa 600 ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayar yumɓu ke fita, daga nan kuma ba ta sake narkewa a ruwa har abada. A daidai digiri 573 yashin da ke ciki yakan kumbura farat ɗaya, kuma nan ne tsaga ta fi aukuwa. Maginanmu sun daɗe da maganin abin ba tare da ma'auni ba: suna daka tsingaro su cuɗa da sabon yumɓu. Wannan ne ke ba tukunya damar jure gashin fili na kara da ciyawa da kashin shanu, wanda ke tashi da sauri ya mutu da sauri, ya kuma ba ta damar zama a kan murhu kullum. Tukunya mai fure, duk tsadarta, idan aka ɗora ta a kan murhu tsagewa za ta yi.

12. Gumin randa shi ne amfaninta

Randa tana sanyaya ruwa ne domin jikinta na da ƙananan ƙofofi. Ruwa yana tsattsafowa, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafi. Da za a shafa mata gilashi, da ta zama tulun ajiya kawai. A kan wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa kuma ɗan gidan magina, ya gina firijinsa marar lantarki: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Wannan ya ba shi kyautar Rolex a 2000. Inda kuma ake son rage tsattsafo, akan yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafin gashi, ta yi duhu, ƙofofin su ragu.

13. Maginiya a bayan naira ashirin

Matar da ke bayan takardar naira 20 tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali. Bature Michael Cardew ya ga tukwanenta a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da yanzu ake kira Suleja, inda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko. Da hannu take gina manyan tuluna yadda ta gada, ta zana kada da ƙadangare da kunama, sannan a shafa musu gilashi a gasa da wuta mai tsanani. Tulunan suka yi nauyi, suka daina sanyaya ruwa, amma suka shiga manyan gidajen tarihi na Ingila da Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

14. Sheƙi mai guba

Hanya mafi sauƙi ta sa tukunya sheƙi da ƙaramar wuta ita ce dalma. Shekaru ɗaruruwa maginan Turai da Maroko da Meksiko suna niƙa dutsen dalma suna shafawa, kuma idan abinci mai tsami ya zauna a irin wannan kwano, gubar tana narkewa ta shiga ciki. Irin dutsen nan ne ake samu a yawancin kwallin gargajiya. Mutanen Bukkuyum da Anka ba sa bukatar a ba su labarin dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje a 'Yargalma, Dareta, Abare da wasu ƙauyuka cike yake da ita, daga baya aka tarar da haka a Bagega. Yara wajen 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Gilashi mai fure ba ya bukatar dalma, amma shi ma ba a so a ci abinci a cikinsa, domin tsami yana cin fuskarsa. Tukunyar ƙasa marar shafi ta kuɓuta daga wannan, muddin ba daga gurɓataccen wuri aka ɗebo yumɓunta ba, kuma ba a niƙa komai nata a injin da ya taɓa dutsen ma'adinai ba.

15. Kayan aikin suna gida, wutar ce da saura

Gilashin tukunya na farko a Sin, fiye da shekaru 3,000 da suka wuce, toka ce ta haifar da shi: ta tashi daga itacen gashi, ta sauka a kan tukwane, ta narke. Har yau maginan Japan suna haɗa wani farin gilashi da tokar ɓuntun shinkafa, abin da ke tule a bayan injinan casa daga Gummi har Talata Mafara. Farar ƙasar tangaran tana nan a Ƙanƙara ta jihar Katsina da kuma tsaunukan Jos. Dutsen tutiya yana nan a Zurak ta jihar Filato da yankin Abakaliki, sai dai a haɗe yake da dalma, don haka tacewarsa aikin masana'anta ne, ba na tsakar gida ba. Abin da ya fi wuya shi ne wutar da za ta kai digiri 1,280 ta kuma tsaya cak na sa'o'i ba tare da ɗaukewa ba. Matashin da ke son koyon haɗa gilashi da gina tanderu zai iya farawa daga sashen tsara kayan masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Amma kafin ya tafi, ya fara zama wajen maginiyar unguwarsu ya koyi sanin yumɓu, domin ko a can da wannan darasi ake farawa.