Kare da Mushen Kaza

Ya kai manomi, da kai dagaci, ga wata magana a kan abin da mutane suke rainawa. Kaza ta mutu da dare, da safe yaro ya jefar da ita bisa juji, kafin hantsi kare ya ɗauke. Ko kuwa an yanka kaza an fige, uwargida ta juya baya, kare ya sure. Sai a yi dariya, a ce rabonsa ne.

To, ka sani sau da yawa karen ba ya jin kome, gama cikinsa ya fi namu ƙarfi. Haɗarin yana kan gidanka. A cikin ɗanyen naman kaza akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, ɗaya sunanta Salmonella. Kare ya kan ɗauke ta ba tare da ya yi ciwo ba, sa'an nan ya zubar da ita a kashinsa a tsakar gida, inda yara suke rarrafe. Ta haka zawo da zazzaɓi suke kama yaro.

Na biyu, annobar kaji da ta kan zo da hunturu, wadda Turawa suke kira Newcastle domin a garin nan na Ingila aka shaida ta a 1926, tana bin mushe. Kare ya ja gawa daga unguwa zuwa unguwa, kajin maƙwabta su tsattsage abin da ya rage, kwana kaɗan akurki ya zama wofi. Murar tsuntsaye kuma, wadda ta ɓullo a Nijeriya a 2006, ta kan kama mutum.

Idan karenka ya riga ya ci, kada ka ɗura masa gishiri ko manja don ya yi amai, ƙashi yana iya yanke masa maƙogwaro. Ka ba shi ruwa mai kyau, ka ɗaure shi nesa da yara da kaji kwana uku, ka riƙa binne kashinsa, ka wanke hannu da sabulu. In ka ga amai ya ƙi tsayawa, ko zawo da jini, ko ciki ya kumbura, maza ka kai shi wurin likitan dabbobi. In kuwa maganin ɓera ne ya kashe kazar, kada ka jira alama, ka kai shi ran nan.

Mushe kuwa, a ƙone shi, ko a haƙa rami kamu biyu a binne, a aza dutse bisa. Ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom tana yin maganin rigakafin annobar kaji, ka tambayi malamin dabbobi kafin sanyi ya shigo.

Kai dagaci, ka sa a yi shela: kada kowa ya ƙara jefa mushen kaza a juji. Haƙa rami aikin rabin sa'a ne, amma kiwon kaji aikin shekara ne.